Duniyar da Na Soke

"An samu tururin ruwa a wata duniya!" in ji ƙanwata. Ofis ya kaure da tafi.

Ni na koya mata aikin nan, yadda na'urar hangen nesa da ke sararin samaniya take kamo hasken zafi, mu karanta iskar duniyoyi masu nisa. Shekara tara ina nema, ko ɗigo ban gani ba. Ita ko shekara ba ta rufa ba.

Na yi yaƙe. "Wa ya nuna miki wannan duniyar?"

"Ke mana, Yaya."

Ta miƙo tsohuwar takardata da ta tsinta a kwandon shara. Ga lambar duniyar, na soke ta da jan biro. A gefe, rubutuna ne: "Ɓata lokaci."