Noti Ɗaya a Hanyar Maigatari

Ranar kasuwar Maigatari shanu suka cushe hanya, motar dattawan Gumel ta tafasa. Sun zo nema wa ɗansu auren Safara'u ne. Ita ce kuwa ta kawo wa Ubale bakanike, mai sonta, ruwan da zai zuba a lagireto.

Ya taɓa fambel, ya ji ya saki.

"Noti ɗaya zan ɗaure su isa gidanku," ya ce a hankali, bai dube ta ba.

Ta sauke tulun. "Baba zai tafi Gagarawa da azahar, sai jibi zai dawo. Ka sa kawunka ya riga su zuwa neman aurena."

Ubale ya mayar da sifana aljihu, ya juya wajen dattawan.

"Ranku ya daɗe, ku samu inuwa. Gyaran nan sai la'asar."