Ƙofar Ƙarshe a Hawa na Uku

Da gindin bindiga wasu mahara suka fasa wa wata injiniya baki, suka turo mata kwamfutarta.

"Wani yana tona mana asiri da rediyon hannu a ginin nan," in ji shugabansu. "Ke kika lissafa yadda sigina ke ratsa bango. Nemo shi."

Ta tofar da jini, ta duba. Daga ɗakin masu gadi siginar ke tashi, inda ƙanenta yake.

"Hawa na uku, ƙofar ƙarshe," ta ce. A saninta ɗakin ajiya ne, ba kowa.

Suka haura, suka buɗe wa ƙofar wuta. Sai ihun matan da suka ɓuya a ɗakin ya cika ginin. A ciki ta gane muryar tsohuwa mai shara, wadda kullum ke ce mata "'yata".