Ba Na Sunkuya wa Kowa

Dokar da ta ciyar da shi shekara goma aka soke rana ɗaya. A da, a wasan besbol, mai duka ke gaya wa mai jifa inda yake son ƙwallo. Shi kullum "Sama!" yake cewa, ya zabga mata kulki ta tsallake katanga, filin ya kaure da ihu.

Yanzu zaɓi ya koma hannun masu jifa, kuma sun gano lagonsa. Kowa daidai gwiwa yake jefo masa.

"Kai, bijimi, lanƙwasa mana!" in ji kocinsa. "Ko tsani kake jira ƙwallon ta hau ta same ka?"

"Don in tsaya a miƙe na baro ramin kwal. Ba na sunkuya wa kowa."

Ya kai duka, iska. Ya sake, iska. Kafin dusar ƙanƙara ta sauka a ƙarshen kakar wasa, an sallame shi, an ba wani rigarsa.

Yau shekararsa ashirin da komawa ramin da ya baro, inda rufi bai kai ƙirji ba. Yini yake yi yana saran kwal da diga, daidai gwiwa, ba ya kuskure. Ko an fito sarari, bayansa ya daina miƙewa.