Maganin Mutum Ɗaya

Da likitar ta ga hawan jinin tsohuwar bai sauka ba, sai ta tsare ta da tambaya. Shekara biyu ke nan da ta aika jinin matar da yawunta Faransa, aka binciki ƙwayoyin halittarta, aka zaɓo maganin da ya dace da jikinta ita kaɗai.

"Inna, kina shan shi kuwa?"

"Na sha uku, ɗiyata," in ji tsohuwar, tana gyara lulluɓi. "Sauran na raba wa maƙwabta, na aika wa ƙanwata da ke garin Korahane."

Likitar ta dafe kai. "Ai naki ne ke ɗaya."

"Tsaraba daga ƙasar waje, in shanye ni ɗaya, sannan in ci gaba da zama a Dakoro? Kuma duk sun gode. Sun ce a ƙaro."