Dawar Tasalla Ba Ta Kuka

A gafarce ni da wannan karambani. Ban taɓa rubuta labari ba.

A zamanin da aka ba dawa murya, duk karan da cuta ta taɓa sai ya yi kuka, a sare shi kafin ya shafa wa sauran. Gonar Tasalla kaɗai ce ba ta kuka, shi ya sa bara ta raba wa unguwa irinta.

Rannan da hantsi ta murza zangarniya ɗaya, sai baƙin gari ya cika mata tafi. Cutar burtuntuna ce. Ashe cutar ta koyi toshe bakin dawa kafin ta cinye ta.

A bakin rijiya ta tarar da mata.

"Ga uwar iri!" in ji Inna Kande, maƙwabciyarta. "Bana kunnenmu ya huta, 'yar nan. Har na rabar da tsohuwar dawata, rumbu na jiran sabuwa."

"Allah ya sa albarka, Inna."

Tasalla ta dunƙule hannun mai baƙin garin cikin mayafi. Gonakin unguwa duka sun yi tsit. Kafin guga ya fito, ta sulale ta bayan katanga.