Katin Inna Ya Ce Ragowa

"Kai ka taɓa ta, Kawu! Inna yayarka ce fa!"

"Rage murya, Mudi," in ji Kawu Sallau, mai kula da na'urar rabo. "Wallahi ban sa hannu ba."

Tun da rijiyoyi suka ƙafe, na'urar nan ke bin gari-gari tana raba jama'a daidai wa daida zuwa sababbin matsugunai bakwai. Maƙogwaronta ƙarami ne, ba ta iya haɗiye yawan mutane a loma guda. Sai ta gutsura ta raba, abin da ya yi saura ta ɗora wa gutsuren gaba.

Mudi ya sake duba katin mahaifiyarsa. Na kowa da sunan gari, nata kuwa kalma ɗaya: ragowa.

"To a ɗora ta a gutsuren gaba mana."

"Unguwarmu ce ta ƙarshe."

Motoci suna ta cika. Can bayan masallaci wata ta daban ke tsaye, ba tagogi, direbanta bai gaisa da kowa ba. Kawu ya ƙi kallon wajen. Inna tana zaune kan ƙullin kayanta, tana gyara ɗankwali.

"Kawu, ragowar garin da aka kwashe bara, wa ya sake jin ɗuriyarsu?"