Ƙwayar Gudun Yaya

"Mai ciwon suga da alawa cike da aljihu! Yaya, kai dai ba ka son kanka," in ji ƙaninsa, ya wuce shi a guje yana dariya.

Tun da Yaya ya fara gudun dogon zango yaron nan ke masa ba'a, wai ba da ƙarfin kansa tsoho ke kai ƙarshe ba. Yau yaron ya shigo tseren don ya kunyata shi.

Kafin rabin hanya Yaya ya tarar da gwanin ƙanin nasa zaune a bakin titi, zufa sharkaf, hannu na rawa, ido ya raina fata. Ya san wannan rawar, ta faɗuwar suga ce. Ya ɓare alawa ya tura masa a baki, ya tsaya har ya dawo hayyacinsa.

"Yaya, ƙwayar nan da kake sha kafin ka fito, ba ta ƙarin ƙarfi ba ce? Biyu na haɗiye."

Yaya ya dube shi sama da ƙasa. "Ta rage suga ce. Ni mai ciwon, rabi likita ya ce in sha ranar gudu. Tsotsi alawarka, gwani."